Jarumin da Aka Yi wa Turka

Wani mutum ne a nan Daura, sana'arsa turkar raguna. Ba zan kama suna ba, don har gobe muna gaisawa. In dai kiwo ne, a sallama masa. Zai je kasuwar garin Babban Mutum ya sayo ragon da iska ke kaɗawa, ya ɗaure shi wata uku, ya fito da shi sai an tallafa masa kafin ya miƙe. Kuma yana da abin alfahari guda da kowa ya haddace: shekara ashirin yana wannan harka, dabba ba ta taɓa yin mushe a hannunsa ba. Rago ya yi tari sau biyu, hannunsa ya kai kan wuƙa.

Yana da taubashi, Badaru, ɗan kawunsa, shi ma ɗan kara ne. Abin da ya haɗa su rigima kuwa inuwa ce. A karar da suke kai dabbobi akwai wata tsamiya guda, kakansu ne ya fara kafa turke a gindinta. Inuwar ta mutum ɗaya ce da ragunansa. Wanda yake ciki, wurinsa masu saye ke tsayawa, su sha iska, su yi ciniki a natse. Wanda yake waje rana ta gasa shi, raguna su yi ta haki kamar marasa lafiya, mai saye ya duba ya wuce. Tun rasuwar kakan, mutumin namu ne ke zaune a ciki, Badaru na hango shi daga rana.

"Bawana," in ji Badaru, "yaushe ɗan mace ya fara cin gadon inuwa?"

"Tun ranar da ɗan namiji ya yi barci har hantsi."

Sau uku ana kai su gaban dattawan kara. A na ukun dattawan suka ce su je su ƙarata, duk abin da suka yanke tsakaninsu an amince.

To ran nan da damina ruwa ya tare su a hanyar Kusugu, suka faɗa shagon Anwar suka fake. Anwar abokina ne, ajinmu ɗaya a jami'a. Da muka gama, mu muka shiga yawo da takardu, shi kuwa ya jera kwamfuta huɗu a shago, ya saka wani wasa da ya rubuta da hannunsa, da Hausa tun daga farko har ƙarshe. Kowa ya ƙirƙiri jaruminsa, ya raine shi, sannan a haɗa su a fage a ga mai kayar da wani.

Suka tsaya suna kallon samari na fafatawa, ruwa na ɗiga daga rigunansu.

"Injiniya," in ji Badaru, "wannan abin kowa zai iya?"

"Kowa, Kawu. Jarumi yana farawa bai iya komai ba. Yadda ka kula da shi, haka zai zama."

Mutumin namu ya matso. "Wato kiwo ke nan."

"Kusan haka."

Badaru ya tafa hannu. "Bawana, mun sami alƙali. Wata guda. Ka yi kiwon naka, in yi nawa. Wanda aka kayar ya bar wa ɗan'uwansa tsamiya, kuma ba sauran magana."

"Ka ji mai neman ƙarasa ƙonewa! Ni za ka gwada wa kiwo?"

"Ni dai ba a caca a shagona," in ji Anwar.

"Wace caca? Shari'a ce," suka amsa baki ɗaya.

Suka yi musafaha, samarin shagon suka shaida.

Ku tsaya in gaya muku yadda abin yake aiki, don nan ne daɗin yake. Kowane jarumi yana da jerin ƙwarewa: takobi, baka, gudu, iyo, hawan dutse, da sauransu. Kowace tana farawa daga sifili, iyakarta casa'in da tara. Duk abin da jarumi ya aikata, wasan yana ƙirgawa. Ya kai sara, maki ya shiga layin takobi. Makin ya cika, ƙwarewar ta hau mataki ɗaya, mataki na gaba kuma ya fi na baya wuyar cika. Wasan bai san niyyarka ba, bai san ko kai ɗan wane ne ba. Abin da aka yi kawai yake rubutawa. In ka tashi, ka danna wurin adanawa, sai ya kwashe lambobin nan duka ya zuba a wani ɗan fayil, ya ajiye a gurbi. Kowane ɗan wasa yana da gurbi goma. Gobe ka dawo, ya karanta fayil ɗin, ya sake zana maka jaruminka daga lambobin. Mai yawan gudu ya fito siriri, mai yawan faɗa ya fito da tabo.

Matsalar Anwar guda ce, dabara ta yi masa yawa. Don wasan ya yi kama da duniya, har da cin abinci da barci ya saka a jerin. Ya gina wata bukka a gindin bishiya, inda wanda ya dawo daga yaƙi zai ci ya huta. Ya kuma saka cewa in ka saki jarumi ba ka danna komai ba, sai ya kama yin abin da ya fi ƙwarewa a kai.

Washegari Badaru ya ƙirƙiri nasa, ya kora shi daji. Mutumin namu ya ƙirƙiri nasa, ya raɗa masa suna Ƙosau. Ya zaga da shi cikin garin wasan sau ɗaya, ya hango bukka, ya hango bishiya.

"Alhamdu lillahi. Ga inuwa, ga ruwa kusa. Injiniya, ina igiya?"

"Ba igiya, Kawu. Mutum ne fa."

"To ina abin da ake dannawa ya ci?"

Aka nuna masa. Shi ke nan. Kullum in ya taso daga kara sai shago. Ya ba Ƙosau kwano, ya ba shi ruwa, ya kwantar da shi. Ya tashe shi, ya ƙara masa kwano.

"Kawu, ka fita da shi daji mana," in ji samari.

"Ya zubar min da kitse? Kun taɓa ganin an kai ragon turka yawo?"

Ran nan wata kura ta wasan ta ɓullo kusa da bukka, irin wadda ake sakawa don sababbi su koyi sara. Mutumin ya yi salati, ya tura Ƙosau ɗaki, ya sa jikinsa ya kare fuskar kwamfutar har ta wuce.

"Ai da ka bari ya sare ta," in ji Anwar.

"Ta yage masa fata? Kai yaro, ba ka san abin da ake dubawa ba."

A kwamfuta ta kusa kuwa na Badaru yana can yana gudu, yana faɗuwa, yana tashi. Mutumin ya leƙa ya kece da dariya.

"Dubi naka don Allah! Kamar an shanya tsumma a kan kara. Ko ba ka ba shi abinci ne, irin yadda kake yi wa iyalinka?"

"Ci gaba, bawana. Ni dai na sa an fara sassaƙa min sababbin turaku."

Mako uku ana haka. Ƙosau ya cika fuskar kwamfuta, wuyansa ya ɓace, in zai shiga bukka sai ya karkace. Anwar ya ga abin ba na wasa ba ne, ya jira Badaru ya fita, ya jawo kujera.

"Kawu, bari in buɗe maka jerinsa ka gani da idonka."

Ya buɗe. Cin abinci, casa'in da tara. Barci, casa'in da bakwai. Gudu, sifili. Baka, sifili. Takobi, ɗaya.

"Masha Allah," in ji mutumin. "Har ya fara takobi."

"Ɗayan nan ranar da ya yanka kankana ya same shi. Na Badaru takobinsa ya wuce hamsin."

"Amma ka dubi ƙirjin nawa."

"A fage ba ƙirji ake dubawa ba. In suka haɗu, wasan lambar takobi zai karanta. Saura kwana goma, Kawu. In aka tafi a haka, tsamiya ta tafi."

Mutumin ya cire hula ya sosa kai. Can ya rage murya.

"Injiniya, mu a kara, in rago bai cika ido ba ranar kasuwa, akwai ɗan abin da ake yi. A ba shi kanwa, ya sha ruwa da yawa, ya ɗan taso. Kai ka rubuta abin nan. Ba ka da kanwa?"

"Ba ni da ita. Kowane fayil yana da hatimi. Wasan yana haɗa lambobin duka ya fitar da wata lamba ta daban ya manna a ƙarshe. Ka taɓa ɗaya, hatimin ya ƙi dacewa, wasan ya ce bai san wannan jarumin ba. Ko da zai yiwu ma, ni ne alƙali."

"To nuna min inda yake kwana."

Anwar ya nuna masa gurbin. Garin bayani, don ya gane cewa fayil ne kawai, sai ya kwafi Ƙosau ya ajiye a gurbi na biyu. Ƙosau biyu suka bayyana, kowane da tumbinsa.

Mutumin ya miƙe tsaye. "Ya haihu?"

"Ba haihuwa ba ce, kwafi ne. Lambobi iri ɗaya a wuri biyu."

"Namiji, ba ciki, ba naƙuda? Injiniya, kana da wannan kake zaune a shago? Ƙara ɗaya!"

Bai bar Anwar ya sha ruwa ba sai da gurbi goma suka cika. Kafin la'asar labari ya zaga kara cewa yana da garken jarumai goma, Badaru kuwa ƙwaya ɗaya tal, ita ma ramammiya.

"Kawu, ɗaya ne fa zai shiga fage," in ji Anwar washegari. "Kuma duk goman kankana kaɗai suka taɓa yanka. Dole a fita da ɗaya daji, safe da yamma, ya yi ta faɗa."

"Ni in bi dabba daji? Ai wannan aikin makiyayi ne. Mai dabba ba da kiwo yake yi, in lokaci ya yi a dawo masa da abinsa."

Aka tambayi Badaru ko ya yarda a ba da kiwo. Sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Ya kai shi har garin Mashi in ya ga dama! Sharaɗina ɗaya: ranar Juma'a guda za a tarar a gurbinsa. Ba zan kayar da tulu a mirgino min wani tulun ba."

Anwar ya ce shi alƙali ne, ba ya kiwo. Samarin shago kuwa mutumin ya ce duk Badaru ya saye su da rake. Sai ya tuna da yayarsa Ikilima, malamar lissafi a wata makarantar 'yan mata, wadda ko shugaban makarantar yakan gyara tsayuwa in ta doso. Ana hutu, tana da kwamfutar hannu. Anwar ya ciro Ƙosau ɗaya daga gurbinsa ya zuba a filas ɗinta, ɗan abin nan na ɗaukar fayil, ya saka mata wasan, ya yi mata bayani na minti biyar. Ta gane a minti biyu.

Ta dubi jerin ƙwarewar, ta dubi ƙanenta ta saman tabarau.

"Auta, wannan ai hotonka ne."

"Yaya, amana na kawo."

"Na karɓa. Ba don kai ba. Badaru ba zai zauna a inuwar kakanmu ina numfashi ba."

"Amma Yaya, in kin gama kada ki bar ko gashinsa a wurinki. Kai ma Injiniya, kada in ji an ɓoye wani a wani wuri. Ɓarayin shanu sun yi yawa, kuma na san halin Badaru."

Sai da ya sa su duka suka yi alkawari.

Yaya Ikilima ta zana jadawali ta manna a bango. Da safe takobi, da hantsi gudu, bayan azahar hawan dutse. Ba kwano sai an gama darasi. In kura ta kayar da shi, ta ce, "Maimaita." Kwana takwas tana haka. Shi kuwa mutumin yana shago yana bin sauran taran ɗaya bayan ɗaya da kwano, yana adanawa, wasu suna ƙara fin wasu cika.

Ranar Alhamis da safe ta kawo filas da kanta. Anwar ya mayar da jarumin gurbin da ya rage, ya buɗe jerin, ya kusa faɗowa daga kujera. Takobi, tamanin da ɗaya. Gudu, saba'in. Na Badaru duk wahalarsa sittin da huɗu ya kai. Ta sa aka share filas ɗin a gabanta, ta goge wasan daga kwamfutarta kamar yadda aka yi alkawari, ta ce gobe za ta zo ta ga sakamako.

Anwar ya buga wa mutumin waya yana kara.

"Kawu, an dawo da shi! Wallahi ya yi kyau. Na Badaru ko kusa da shi bai kai ba."

"Ai na san hannun Yaya. Ba ta rowar abinci."

Bayan la'asar ya iso shago, ya tarar da Anwar riƙe da galan zai je neman man janareta.

"Kawu, saura sharaɗin Badaru. A bar na Yaya Ikilima, a goge sauran taran. Jira ni in dawo mu yi tare."

"Ni ne ba zan gane dabbar da ta dawo daga kiwo ba? Je ka abinka."

Anwar ya tafi. Mutumin ya buɗe gurbin. A wannan shafin hoto da suna kawai ake gani, kuma duk goman sunansu Ƙosau. Ya goya hannu a baya, ya bi su da ido ɗaya ɗaya, yadda yake zaga garke. Tara sun cika sun batse. Na goman kuwa ga shi nan a tsaye, haƙarƙari a waje, kumatu sun zurma, tabo tun daga goshi har gwiwa.

"Inna lillahi! Ciwo ya shigo min garke."

Ya sake dubawa. Ya yi lissafi irin nasa. Damina ce, ciyawa ko'ina. Kwana takwas a hannun Yaya. Injiniya da bakinsa ya ce ya yi kyau. Idonsa ya sauka kan wani a gurbi na huɗu, wanda tumbinsa ya fi na kowa, har hoton bai ɗauke shi duka ba.

"Ga na Yaya nan. Kai, Allah ya yi mata albarka."

Ya koma kan ramammen. "Kai kuma da kai za a fara, kafin ka shafa wa sauran."

Ya danna gogewa. Wasan ya rubuta: Ka tabbata?

"Ni za a tambaya ko na tabbata?"

Ya danna. Wasan ya rubuta: In aka goge ba ya dawowa. Ka tabbata?

"Wa ya ce ina so ya dawo?"

Ya danna. Wasan ya sake rubutawa: Wannan shi ne mafi ƙwarewa a cikin jarumanka. Har yanzu ka tabbata?

"Ka ji dillali! Haka kuke yabon mara lafiya in kuna so ku liƙa wa mutum."

Ya danna. Ya bi sauran takwas ya goge, yana yi musu addu'a. Da Anwar ya dawo, ya tarar ya rufe shafin da lambar sirrinsa ya zauna yana kaɗa ƙafa.

"An gama, Kawu? Bari in duba."

"A'a. Ba a nuna rago kafin ranar kasuwa. Baki yana kama dabba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci shago ya cika har bakin titi. 'Yan kara sun zo, dattawan nan da suka gaji sun zo, mai rake ya kafa baro a ƙofa. Aka ajiye wa Yaya Ikilima kujera a gaba. Badaru ya shigo da sababbin turaku huɗu a kafaɗa, ya jingine su a bango.

Aka buɗe na Badaru. Siriri, baƙi, idonsa kamar bai taɓa dariya ba. Aka buɗe na mutumin namu. Sai da kwamfutar ta ɗan yi nishi kafin ta gama zana shi.

Anwar ya kama bakin tebur.

"Auta," in ji Yaya Ikilima, "ina nawa?"

"Ga shi nan, Yaya. Kin iya kiwo, wallahi."

"Wannan randar? Nawa siriri ne, da tabo a goshi."

"Au, ramammen nan? Ai na fitar da shi tun jiya. Ciwo gare shi."

Ta cire tabarau a hankali, ta naɗe, ta saka a jaka. Waɗanda suka taɓa zama ajinta suka ja da baya.

"Kawu," in ji Anwar, "sau uku fa yake tambaya."

"Sau uku na amsa masa."

"Injiniya, ba wani a ɓoye?" in ji wani dattijo.

"Shi ya hana, Baba. Ya ce ɓarayin shanu."

Badaru ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, hawayen dariya na zuba. Sai da aka ɗaga shi.

"Dokar fage," in ji Anwar, "minti biyar ne. In lokaci ya cika ba wanda ya faɗi, kunnen doki ne, kowa ya zauna inda yake."

Aka fara. Na Badaru ya taso kamar an harbo shi. Mutumin ya danna takobi. Ƙosau ya zaro shi, ya juya shi, ya duba ko akwai kankana, takobin ya suɓuce ya faɗi. Ya danna gudu. Ƙosau ya yi taku biyu ya dafa gwiwa.

"Bawana, ka ce ya mirgina, zai fi sauri!"

Mutumin ya saki madannai ya juyo zai rama. Ƙosau ya ji an sake shi, sai ya koma ga abin da ya fi ƙwarewa. Ya zauna a tsakiyar fage, ya ciro kwano. Ana saransa yana loma. Ya suɗe hannu, ya yi hamma, ya kwanta.

Amma ga wani abu da ko Anwar ya manta ya saka: yawan ci yana ƙara tsawon rai. Layin ran Ƙosau ya miƙe tun daga wannan gefe na fuskar kwamfuta har wancan. Badaru yana sara, layin yana raguwa kamar ana tsotsar rafi da tsinke. Minti ɗaya ya wuce. Biyu suka wuce. Gumi ya karyo wa Badaru, dariya ta ɗauke. Minti uku, yatsansa ya fara ƙagewa, ya sauya hannu. Shago ya kaure.

"Ƙosau! Ƙosau! Yi barcinka!"

Mutumin ya gyara hula. "Kun ga kiwo? Ina masu cewa lamba?"

Yaya Ikilima ta mayar da tabarau. Ta dubi layin, ta dubi agogo, leɓenta ya motsa kaɗan.

"Zai faɗi ana saura daƙiƙa bakwai. Kwano biyu ya rasa."

"Kun ji ko? Na faɗa muku abinci ne bai ishe shi ba, kuka dame ni da takobi!"

Ana saura daƙiƙa bakwai cif layin ya ƙare. Ƙosau ya yi wata irin miƙa, ya wuntsila gefe, ƙafafunsa suka hau shure-shure. Dattawa suka dubi juna suka gyaɗa kai. Badaru ya miƙe yana yarfe yatsa, ya ɗauki turakunsa.

"Bawana, gobe da sassafe ka zo ka tuge naka. Ka taho da malafa, ranar wajen ba ta da mutunci."

Mutumin bai ko waiwaye shi ba. Idonsa na kan ƙafafun nan masu shure-shure. Sai gani aka yi ya zabura, ya ture kujera, ya zaro wuƙa daga ƙugu ya nufi kwamfutar. Anwar ya yi tsalle ya rungume ta.

"Kawu! Lafiya?"

"Matsa, Injiniya, ka riƙe min ƙafafun! Inuwa dai ta tafi, amma wallahi ba zai yi min mushe ba!"